Ajin Marasa Ji

A tashar jirgin ƙasa ta Ikko, wato Legas, na rabu da akwatina, kuma ni da hannuna na miƙa shi. Kwanana huɗu da barin Kumasi, na biyo bakin teku cikin motocin da ba ka jin komai sai Faransanci da Yarabanci, har kunnena ya yi ƙishin Hausa. Sai ga wani dattijo mai farin rawani da carbi ya yi mini sallama. Na tambaye shi garinsu, ya ce Sakkwato. Wallahi saura kaɗan in rungume shi. Nan take na kwashe labarina na zuba masa: sunana Salisu, a Zangon Kumasi aka haife ni, ubana Basakkwace ne da fataucin goro ya kai shi can ƙasar Gwanja, ya mutu bai koma gida ba, ni kuwa malamin kurame ne, za ni garin ubana in buɗe aji. Ya yi ta sa mini albarka. Da azahar ta yi ya ce in je in yi salla, shi ya riga ya yi, zai duba mini kaya. Na sallame na dawo, babu dattijo, babu akwati. Sai daga baya, da na zauna cikin Sakkwatawa na ji yadda suke magana, na gane mutumin nan ko ƙurar garin bai taɓa shaƙa ba.

Karatun shekara biyu da na yi a wata 'yar makarantar kurame kusa da Ankara, babban birnin Gana da ke bakin teku, duk yana cikin akwatin nan: katunan da na zana da hannuna, da ƙaramar ganga, da littafin alamun hannu, da rigunana. Abin da ya rage mini tikitina ne, da madubin aski, da wasiƙar Malam Bello, hedimastan wata makarantar elemantare a Sakkwato wanda ya yi alkawarin ba ni ɗaki in koyar. Na yi kuka a tashar nan, ba zan ɓoye ba. Amma har yau in na tuna fuskar da dattijon zai yi da ya ɓalle kwaɗo ya tarar da hotunan akuya da buta, sai in ji sanyi kaɗan.

A cikin jirgi wata Banufiya ta lura ban ci komai ba tun Ikko. Ba ta jin Hausa, ba na jin Nufanci. Ta kwance ɗaurin ƙuli-ƙuli ta tura mini, na girgiza kai don kunya, ta harare ni ta nuna bakina ta nuna cikina. Na ci. Haka muka yi ta hira da hannu har Jebba, kuma hirar ta tuna mini da yayata Hauwa, wadda saboda ita na shiga wannan aiki. Hauwa ita ce 'yar farin ubanmu, kurma ce tun tana goye. Tunda na yi wayo ban taɓa ganin Baba ya dubi fuskarta ba, ban taɓa jin sunanta a bakinsa ba. In zai yi maganarta sai ya kau da kai ya ce "yarinyar nan". Uwarmu ba Bahausa ba ce, ita ma abin yana ci mata rai. Ni kuwa na yanke hukunci tun ina yaro cewa kunyar haihuwar kurma yake ji, kuma da wannan ƙulli a zuciyata na binne shi.

A Jebba na fara ganin masu kora shanu zuwa Kurmi, ƙafafunsu duk faso, leɓunansu a bushe, cikinsu har da waɗanda ba su kai in kira su samari ba. Na sake haɗuwa da irinsu bayan na sauka a Gusau na hau motar kaya. A wata kwana direbanmu ya danna ham bai ko rage gudu ba, makiyaya suka watse daji, motar ta bi ta kan wani maraƙi ta wuce. Na waiga ina kallon mutanen suna ɗaga sanduna. Abin da ya zo mini shi ne, wanda bai ji ham ɗin nan ba, sai dai a zo a kwashe shi.

Na iso Sakkwato cikin bazarar shekarar da aka samu mulkin kai, da riga ɗaya a jikina. Baba ya sha gaya mana gidansu yana wajen Ƙofar Rini, da babban durumi a ƙofa. Kwana uku ina zagaye. Na sami kututturen durumi, na sami tsofaffi, amma ba wanda ya tuna sunansa. Wani ma ya ce mini, "Kai yaro, waɗanda sunka tahi Gwanja ba su ƙirguwa." Malam Bello ne ya tsince ni. Ya ba ni ɗaki a zaurensa na biyu, ya ba ni tsohuwar rigarsa, ya kuma ba ni shagon ajiye tsintsiya da ke bayan makaranta ya ce shi ne ajina. Da matarsa ta aiko mini da tuwo na ce, "Malam, ka ce wa matarka ya yi ƙoƙari, na gode masa." Ya yi dariya har da riƙe ciki. A Zango ba mu damu da bambanta mace da namiji a magana ba, kowa "ya" ne. Daga ranar sunana ya ɓace, na koma Malam Ɗan Gwanja.

Kuskurena na gaba ba na dariyar mutum ɗaya ba ne, na dukan gari ne. A makarantarmu an hore mu da mu tausasa harshe wajen iyaye, kada mu riƙa jefa musu kalmar da za ta sosa rai. Saboda haka da na sami mai shela, ban shawarci Malam Bello ba, na ce ya zagaya ya faɗa cewa duk mai yaron da ba ya ji ya kawo shi bayan makaranta ranar Litinin.

Ya dube ni sama da ƙasa. "Dut wanda ba shi ji, Malam?"

Na ce, "Duka."

Ya ce, "To, Allah shi ba ka ƙarhin hannu."

Na ce amin, ina murna an yi mini addu'a.

Ranar Litinin na fito na tarar da filin ya cika. Iyaye maza riƙe da kunnuwan 'ya'yansu, wani ya ɗauro nasa da igiya, wani ya kawo mini kyautar dorina, wani tsumagiyar tsamiya sabuwa fil. Duk wani taƙadari da ya gagari unguwarsu an kawo mini shi: mai satar mangwaro, mai jifan jakuna, mai gudu gulbi. "Kar ka tausaya mai, Malam," in ji wani, "wanga ko shaiɗan ba shi shiga tsakaninai da ɓarna." Malam Bello ya jingina da bango yana share hawayen dariya. Na san mene ne rashin ji, a Zango ma muna faɗa, amma shekara biyu ina tunani da harshen wasu, har nawa ya kufce mini.

Don in fita kunya na jera yaran suka ba ni baya, na ɗauko tasar makaranta na sake ta a kan dutse. Duk suka zabura, wasu suka ruga. Yaro ɗaya ne bai ko motsa ba, ɗan shekara goma, siriri, yana kallon wata ƙadangaruwa a jikin bango. Sai da ya ga 'yan'uwansa sun watse sannan ya waigo, kuma ba idona ya duba ba, bakina ya duba. Na ce, "Yaya sunanka?" Ya ce, "Ummaru," da murya mai ƙarfi fiye da kima, irin ta wanda ba ya jin kansa. Na koma bayansa na kira shi har sau uku, shiru. Da ya sunkuya rigarsa ta ɗage, na ga bayansa duk shatar bulala, tsofaffi da sababbi. Ubansa ya riga ya ajiye shi ya wuce kasuwa.

Sauran na sallame su, iyayensu suka tafi suna tsaki, mai dorina ya karɓe abarsa. Kuramen gaskiya kuwa sai da muka bi su gida gida ni da Malam Bello, kuma a zaurukan nan na koyi abin da ba a koya mini a Ankara ba. Wata uwa ta aiko da zakara baƙi, ta zaci boka ne ni, zan buɗe kunnen 'yarta. Da na aika mata cewa ba na buɗe kunne, sai dai in koya wa yarinya karatu da kallon baki, ta aiko aka karɓe zakaran, amma ta bar mini yarinyar. Wata tsohuwa ta ɓoye jikarta cikin rumbu don ta ji an ce Gwanja zan kai su. Wani majemi, wato mai jimar fata, ya saurare ni har na gama dogon jawabina a kan ilimi, sannan ya ce, "Malam, ni abu guda ni ka so. Shi iya salla, shi san Wanda yay yi shi. Kana iyawa?" Na ce zan gwada. Na gane ba wanda ya ƙi ɗansa a cikinsu. Kowa yana da tsoronsa ne, kuma sai ka yi shiru ka ji tsoron kafin a ji taka.

Da a ce na riga na koyi wannan kafin in je wurin uban Ummaru, da na rage wa kaina wahala. Sunansa Malam Alu, mahauci ne, barunje kamar yadda suke cewa a nan, dogo mai faɗin ƙirji wanda ba ya son wargi. Na same shi a rumfarsa tsakiyar abokan sana'arsa, ko gaisuwar kirki ban gama ba na ce, "Malam Alu, ɗanka kurma ne."

Ya ajiye wuƙa. "Mi kac ce?"

Na maimaita, har da ƙarin bayani.

"Kurma na magana?" ya ce. "Yaron ga bakinai ya hi naka kaihi. Kakatai ta ce ɗauko ruwa, shi ɗauko. Abokanai su ce mu tahi wasa, shi bi su. Ni kaɗai na, in na yi magana, shi mai da ni bango. Wanga ba kurumta ba ta, reni na."

Na ce, "To ga shi can yana wanke tire. Ka kira sunansa da ƙarfi mu gani."

Wani tsoho ya ce subhanallahi. Malam Alu ya dube ni kamar na tuɓe masa hula a gaban jama'a.

"Ɗan Gwanja, can garinku uba ka kiran sunan ɗan hwari? Tashi ka ba ni wuri. Na kai ma shi don ka hore shi, ka zo kana zagina cikin mutane. Ba shi komawa makarantakka. Ƙanena za shi kora shanu Kurmi bayan bukin mulkin kai, da shi za a tahi. Hanya ta koya mai ji."

Na koma gida ba abin da nake gani sai maraƙin nan na hanyar Gusau. Kwana biyu bayan haka zazzaɓi ya kayar da ni. Ina kwance ina jin ƙanshin dokunu, tuwon masararmu na can, da soyayyen kifi a hancina, ina tuna ruwan Kumasi mai kwana yana zuba, ina tuna Hauwa tana jan kunnena in na yi alamar hannu ba daidai ba. Na ce wa kaina garin da bai san ubana ba, bai san harshena ba, me nake jira a cikinsa? Da ina da kuɗin mota a ranar, da na gudu.

Malam Bello ya shigo da kunun tsamiya ya zauna a bakin tabarma. Na ba shi labarin kasuwa, ya kama baki.

"Ash, Salisu, ka yi ɓarna. Nan ɗan hwari kunyatai a kai. Uba ba shi hwaɗin sunanai, ba shi dubin huskatai, ba shi wasa da shi gaban mutane. In za shi yi mai magana, kau da kai shi kai. Ba ƙiyayya ba ta. Wanda anka hi so shi a ka ɓoye ma so."

Na ajiye ludayin. Na ce, "Ko da mace ce?"

Ya ce, "Ko ɗiya mace ta, in dai ita ta hwari."

Na juya fuskata ga bango don kada ya ga abin da ke idona. Shekara nawa ina tuhumar Baba a kan laifin da bai yi ba. Mutumin ya ɗauko al'adar garinsu ya kai ta inda ba mai karanta ta, ya yi ta son 'yarsa a ɓoye, mu kuwa muna kallonsa a matsayin marar tausayi. Na zo neman gidansa ban samu ba, sai ga shi na same shi a bakin Malam Bello. Na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarsa.

Da na warke na nufi Runjin Sambo, wanda a lokacin 'yan gidaje ne a bayan gari, inda Malam Alu yake zaune. Na daidaici lokacin da yake mayanka. Mahaifiyarsa, Inna Rabi, tsohuwa ce ƙarama mai kaifin ido, tana sayar da fura a ƙofar gida. Na tsuguna na gaishe ta, ta dama mini ba ta tambaye ni ko wane ne ba, don duk garin an san Ɗan Gwanja. Ina sha sai ga Ummaru ya fito. Ta miƙa hannu ta kamo haɓarsa, ta juyo da fuskarsa saitin tata, ta ce, "Miji, ɗauko min ludayi." Ya ruga ya kawo. Na ajiye furar ina kallonsu. Kaka ba ta kunyar jika, wasa ne ma tsakaninsu, ido cikin ido take masa magana. Abokansa ma haka. Mutum ɗaya ne a duniya yake yi wa yaron nan magana fuska a kauce.

Na ce, "Inna, kin san ba ya jin sauti?"

Ta daɗe tana juya ludayi. "Tun sanƙarau da yak kama shi bara waccan ni sani. Ya tashi da rai, kunne bai tashi ba."

"To me ya sa ba ki gaya wa ubansa ba?"

"Na aika an hwaɗa mai, yac ce ɓata yaro ni kai. Ni kau ba ni iya zama da shi in yi mai gardama. Shi ma na hwari na gare ni." Ta share ido da bakin zane. "Kuma Malam, wa ka iya ce ma uba shekara biyu kana bugun kurma? In ya yarda, ina za shi sa kainai?"

Nan na gane da abin da nake faɗa. Ba taurin kai ba ne kawai. Mutumin in ya karɓi maganata, ya karɓi kowace shatar da ke bayan ɗansa.

Inna Rabi ta samo dabara. Kullum da hantsi sai ta aiki Ummaru ya kai wa malaman makaranta fura, ya daɗe bai dawo ba. Haka muka yi damina. Muna zama ni da shi gaban madubin askina yana kallon yadda leɓe ke haɗuwa da rabuwa. Ina ɗora tafinsa a maƙogwarona in yi magana, ya ji rawar murya a hannunsa, sannan ya taɓa nasa ya daidaita, har ya rage ihun da yake yi. Yaron yana da kai. Kafin gero ya nuna ya iya rubuta sunansa da na kakarsa. Wata rana ya tambaye ni, "Malam, don mi Baba ba shi so na?" Na ce ya ci gaba da rubutu.

Aka yi bikin mulkin kai, aka raba wa 'yan makaranta tutoci, nawa ɗaliban ma suka samu suna ta kaɗawa. Ummaru bai zo ba. Washegari Inna Rabi ta aiko cewa an saya masa sanda da gora da takalman fata, jibi da sassafe shanu za su tashi.

Wannan karon na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na sayi goro mai kyau, wanda shi kaɗai ne abin da ɗan Kumasi ya fi Basakkwace sani, na tafi bayan la'asar, lokacin da ba kowa a zauren sai mai gida. Na cire takalmi, na tsuguna, na yi gaisuwa har ta ƙare. Sannan na ce na zo neman gafara ne, baƙo ne ni, na yi masa magana a inda bai kamata ba, na kuma nemi ya yi abin da ba a yi. Ya daɗe yana juya goron a hannu, sannan ya ce ba komai, ya wuce. Na roƙe shi abu ɗaya, ya bari a kira yaron da Inna, in nuna masa wani abu, in bai gamsu ba ba zai ƙara ganin ƙafata ba.

Suka shigo. Inna Rabi ta zauna can gefe tana fuskantar ƙofa, Ummaru ya rakuɓe jikin bango yana kallon ƙasa. Na ce Malam Alu ya aike shi kamar yadda ya saba. Ya kau da kai wajen bango ya ce, "Kai, ɗauko min buta." Yaron bai motsa ba. Ya ƙara da tsawa, har jijiyar wuyansa ta tashi. Shiru.

"Ka gani?" ya ce, hannunsa ya riga ya fara laluben bulala a ƙarƙashin buzu.

Na ce, "Na gani. Inna, ki rufe bakinki da mayafi ki aike shi."

Ta taɓa shi ya ɗago, ta rufe baki ta ce da ƙarfi, "Miji, ɗauko buta." Ummaru ya yi ta kallon mayafin, idonsa ya cika da tsoro, don ya san ana son wani abu daga gare shi kuma bai san ko mene ne ba. Na ce ta buɗe, ta faɗa da leɓe kawai, kada ta fitar da sauti ko kaɗan. Ta motsa baki, ba abin da ya fito. Yaron ya zabura ya fita, sai ga shi da buta.

Na ce, "Malam Alu, da ido yake ji. Duk wanda ya ba shi fuska zai ji shi. Kai kuwa ƙeyarka kaɗai yake gani. Bai taɓa raina ka ba, bai san kana magana ba ne. In ya bi shanu, mota za ta zo ta bayansa."

Hannunsa ya fito daga ƙarƙashin buzu babu bulala. Ya dubi butar, ya dubi ƙafafun yaron, ya kai har ƙirjinsa, sai wuyansa ya juya da kansa ya koma bango. Na ga mutum yana kokawa da abin da aka gina shi a kai tun yana ciki, kuma na ga yana shan kaye. Ni dai na ƙare nawa, ba ni da sauran abin faɗi.

Sai Inna Rabi ta juyo daga ƙofa, ta fuskanci ɗanta sosai.

"Aliyu."

Ya zabura kamar an watsa masa ruwa. Mutum mai shekara arba'in, bai taɓa jin sunansa daga bakin wadda ta haife shi ba.

"Aliyu, dube ni. Ga shi na hwaɗi, ƙasa ba ta tsage ba. Ni na yi ma kunya don kana jin muryata ko na ba ka baya. Shi mi za shi ji? Dubi ɗanka."

Malam Alu ya sauko daga kan buzu ya durƙusa har tsawonsu ya zo ɗaya. Yaron ya ɗaga hannu ya kare kansa, yana jiran duka. Uban ya kama hannun a hankali ya sauke shi, ya dubi fuskar ɗansa, ya ce, "Ummaru."

Ummaru ya ƙura wa bakin ido. Bai yarda da abin da ya gani ba. Sai ya yi abin da muka saba yi a aji, ya miƙa tafinsa ya ɗora a maƙogwaron ubansa, ya jira. Mahaucin nan ya miƙa masa wuya ya sake faɗa, ya kuma faɗa, hawaye suna bin gemunsa suna sauka a hannun yaron.

Jibi da sassafe shanu suka tashi ba da shi ba, kuma shekara shida ya yi a ajina. Amma ba wannan nake tunawa ba in na tuna ranar. Abin da nake tunawa shi ne yadda yaron ya ɗago, hannunsa yana wuyan ubansa, ya yi magana da muryar nan da muka sha wahalar saukarwa, a hankali, yadda mu uku kaɗai muka ji.

"Baba, ashe ka san sunana?"